Sistem ɗin kyamara: tsari ne, gida ne, ko dangi?

1/ Jiya bayan la'asar ƙanina da ke koyon hoto a wajena ya ce, "Yaya, wane sistem zan saya?" Na so in ba shi amsa da Hausa zalla, sai kalmar ta maƙale. Shekara da shekaru muna cewa "sistem", ba wanda ya raɗa mata suna. To, masu hoto na Kano, ku matso.

2/ Ba kyamara ɗaya ake nufi ba. Gangar jikin ce, da bakin da ake ɗaura lens, da duk lensunan da ke shiga bakin, har filashi da batir. Canon na da bakin RF, Nikon na da Z, Sony na da E. Lens ɗin wannan ba ya zama a bakin wancan kai tsaye, ko ka kwana kana murɗawa.

3/ Wasu sun ce "tsari". Haka ƙamus zai ba ka. Amma je Zoo Road ka tambayi mai hoto wane tsari yake amfani da shi. Zai ɗauka yadda yake jera amarya da ƙawayenta kake nufi, in ma bai zaci laya kake cigiya ba. A bar shi.

4/ "Gida" ya fi daɗin baki, don dama muna cewa wane ɗan gidan Canon ne. Na kusa amincewa. Abin da ya hana ni: gida ɗaya kan yi baki biyu. Canon ta fito da EF a 1987, sannan RF a 2018. Nikon na kan bakin F tun 1959, ita ma a 2018 ta kawo Z. Lens ɗin RF ba ya hawa jikin EF sam, alhali sunan da ke goshinsu ɗaya ne. Ga kuma akasin haka: Leica da Panasonic da Sigma, gida uku, sun haɗu a kan bakin L. Ashe gida kamfani ne kawai.

5/ Wani dattijo da ke ɗaukar Hawan Daushe tun zamanin fim shi ya warware min. Ya ce, "Ɗana, sayen kyamara aure ne. Ba yarinyar kaɗai ka aura ba, har danginta." Na ce Baba, ka gama magana. Dangi.

6/ Ni shaida ne. Da EF na fara, na yi ta tara kuɗin biki har na mallaki lens 70-200 mai jawo abu daga nesa. Da ita nake tsayawa nesa a Ƙofar Kudu, dawakai na sukuwa, ƙura ta turnuƙe, amma in ciro fuskar mahayi har zufar da ke gangarowa ƙarƙashin rawaninsa. Da Sony ta ɗau hankalina, na zauna da biro na lissafa asarar sayar da lensuna uku a sayi wasu. Jikina ya yi sanyi. Na sayi jikin RF da adafta, zoben da ke haɗa lens ɗin EF da bakin RF, tsofaffin lensunan suka ci gaba da aiki. Jiki nawa na canza? Lens ɗin nan tana nan.

7/ Kuma dangi ai su ne masu rufa asiri. Ana tsakiyar kamu batir ya mutu, wa zai ara maka? Sai wanda kuke dangi ɗaya. Shi ya sa na ce wa ƙanina, kafin ya duba farashi, ya duba abin da abokan aikinsa ke ratayawa a wuya, da abin da masu gyara a gari suka saba buɗewa.

8/ Wata 'yar'uwa ta ce dangi na mutane ne. Hajiya, ba ma cewa gero da dawa da danginsu?

9/ Kyamarar da ba ta da madubi a ciki ba ta ba mu wahala wajen raɗa suna ba: marar madubi. Wadda ta gagara ita ce sensa, farantin nan da haske ke sauka a kansa, wanda ƙurar hunturu ke samu da zarar ka cire lens. Wani ya ce "allo", wani ya ce "ƙwayar ido". Allo dai mun riga mun ba wa gilashin baya. Ƙanina ya tafi da "dangin Canon", ni kuma ina nan ina jiran sunan sensa.