Shawarwari Kan Neman Izinin Wurin Tara Baƙin Mai a Karkara

A wata tattaunawa kan neman izinin wurin tara baƙin mai, wato man inji da aka gama amfani da shi, masu tattaunawar sun fi tsayawa kan ruwa, domin mutanen karkara da rijiya suka dogara, kuma baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba. Suka ce kafin a tunkari hukumar muhalli, a zaɓi fili nesa da rijiyoyi da magudanai, a kafa tankin tara man kan daɓen siminti ƙarƙashin rumfa, a kewaye shi da katanga mai riƙe kashi 110 cikin ɗari na abin da yake ɗauka idan ya tsage. A ganina wannan ne ƙashin bayan neman izinin. An kuma gargaɗi kada a gauraya man da fetur, kuma a rubuta kowace lita har mai lasisi ya kwashe ta.