Jaraba ta sa ni gaba a Riyad, ina neman shawara

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Direban gida ne ni a Riyad. Kun san Saudiyya babu coci, sai dai mutum ya ja ƙofa ya buɗe Littafi Mai Tsarki a waya. To, wayar ce matsalar. Da dare ya raba, kaɗaici ya taso, sai yatsa ya zame zuwa hotunan banza. Na goge Facebook, na yi azumi, ina karanta Afisawa sura 6, abin ya lafa ya dawo, har da munanan mafarkai. Wani abokin aiki ya ce zai samo mini laya, raina bai kwanta ba. Ajiye wayar kuma ba dama, da ita maigida ke kirana. Ku da kuka zauna inda babu fasto babu zumunta, yaya kuka yi?