Barin gidan miji saboda duka a Ingila: yaya kuka yi da tallafi da wurin zama?

Maman Ilham
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ƙanwarmu ce ke son barin gidan mijinta, duka ya yi yawa, na ƙarshe sai da aka ɗinke mata leɓe. 'Ya'yanta biyu. Kuɗi ne ya ɗaure mata ƙafa: suna karɓar Universal Credit, tallafin gwamnati na wata-wata ga masu ƙaramin ƙarfi, tare, kuma a asusunsa ake zubawa. Da a gida ne da tuni ta yi yaji, to a nan ina gidan iyayen? Don Allah wadda ta taɓa fita ta faɗa mana yadda ta yi. Ba sai kin sa sunanki na gaskiya ba. Masu zuwa da "ta yi haƙuri" kuwa, ta yi har ta gaji.

Uwar biyu
Wa alaikumus salam. Ni a 2019 na fita. Lokacin muna kan tsohon tsari, wanda tallafin yara daban, na haya daban. Ina fita aka ce wancan ya ƙare, sai in nemi Universal Credit daga farko, shi kuma sai an yi mako 5 kafin a ga ko sisi. Da jaka ɗaya na fito, ko takalman makarantar yaran ban ɗauko ba. Aka ba ni rance daga kuɗin da za su zo, na karɓa don ba yadda zan yi, aka yi ta yanka duk wata har shekara ta zagayo. Taliya da waken gwangwani na wurin rabon abinci muka yi ta ci. Yanzu an ɗan sassauta, ana biyan rancen cikin wata 24, kuma daga Afrilun 2025 yankan ba ya wuce kashi 15 cikin 100 na ainihin kason mutum.

Bakatsiniya
Maman Ilham, tunda ita tana cikin tsarin ba za ta sake wannan jiran ba. Sanarwa za ta yi cewa sun rabu, a mayar da ita mai karɓa ita kaɗai. Haka na yi a 2022. Amma ta buɗe asusun banki da sunanta tun kafin ta fita, ta canza kalmar sirri, kuma kada takardar banki ta zo gidan.

Wannan biyan kuɗin iyali duka a asusu ɗaya shi ya fi cutar da ni. Fam 20 yake ajiye mini a kan firji, da yamma ya zauna da rasit yana bi layi-layi, in kwabo ya ɓata a kwana ana bala'i. An ce mini ina iya roƙo a raba kuɗin biyu. Na ce ranar da ya ga rabi ya shigo, wa zai sha bayani? Wanda ya tsara abin nan bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da irin mutumin ba.

Wani abu kuma, ta faɗa wa mai kula da fayil ɗinta dalilin fitarta. Ana ɗauke wa mutum tilascin neman aiki na mako 13, mai renon yara ana iya ƙara mata zuwa 26, amma sai an kawo shaida daga likita ko 'yan sanda ko ma'aikaciyar mafaka, wato gidan da ake ajiye matan da suka gudo wa duka. Ni ba wanda ya faɗa mini, a bakin wata mata na ji a kicin ɗin mafaka.

Anti mai aikin mafaka
Sannunku da ƙoƙari. Hayar gidan mafaka ba a cikin Universal Credit take ba. Housing Benefit, wato tallafin haya, ake nema daban a ƙaramar hukuma, kuma mu muke cike takardar tare da mace. Saura kaɗan a rushe wannan. A 2015 gwamnati ta ce za ta ƙayyade hayar gidajen da ake kula da mutane daidai da hayar gari, a 2017 ta janye ta kawo wani, wai a miƙa wa ƙananan hukumomi kuɗin a dunƙule. Women's Aid, ƙungiyar kare matan da ake cin zarafinsu a gida, da sauran ƙungiyoyi suka tsaya kai da fata, a Agustan 2018 aka bar abin yadda yake.

Inda gizo ke saƙa shi ne mace mai aiki. Hayarmu ta fi ta gari nesa ba kusa ba, saboda tsaro da ma'aikata. In albashinki ya haura wani mataki, kowane fam ɗaya ana zare kwabo 65 daga tallafin haya, ke ki cika. Na ga mai aikin kula da tsofaffi ta zauna da biro ta yi lissafi a gabana, ta ga in ta riƙe aikin ba za ta iya biya ba, ta ajiye shi tana kuka.

Kuma ku yi hattara da masu ba da ɗaki da sunan gidan kulawa. A Birmingham abin ya yi ƙamari, masu gidaje na karɓar haya mai tsoka daga gwamnati ba kulawar komai, a haɗa matar da ta gudo wa duka da maza baƙi a gida ɗaya. Shi ya jawo dokar sa ido ta 2023. Ta bi ta layin taimako na ƙasa, 0808 2000 247, kyauta ne dare da rana.

Baban Sadik
Allah Ya sawwaƙe. Amma an gwada kiran manya a zauna kuwa? In hukuma ta shiga, gyara kan yi wuya.

Bakatsiniya
Malam, nawa an zauna, ya rantse a gaban manya, aka watse, daren ma ban tsira ba. A zauna ɗin, amma bayan ta isa inda hannunsa ba ya kaiwa.

Baƙuwa
Maman Ilham, wace irin biza gare ta? Ni da bizar aure na zo, an rubuta ba ni da haƙƙin taɓa tallafin gwamnati. Kullum maganarsa ke nan: "Ki fita mu gani, a titi za ki kwana, a ƙwace yaron a mayar da ke Kano." Na yarda da shi kuwa, don mafaka biyu sun ce ba za su iya ɗaukata ba tunda ba mai biyan haya. Sai wata lauya ta nema mini sassaucin da ake yi wa irinmu tun 2012: izinin zama na wata 3 da damar karɓar tallafi, a ciki ki nemi zaman dindindin. Na samu, alhamdu lillahi. A Fabrairun 2024 an shigar da matan da suka zo a ƙarƙashin bizar aiki ko ta karatu ta mazajensu, sai dai su wata 3 ɗin ne kawai, ba hanyar dindindin. In da yara, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma taimaka musu ko bizar uwa ta hana.

Maman Ilham
Tana da zaman dindindin, Yaya. Allah Ya saka.

Hajiya ta Landan
To ta huta da wannan. Ni fita daga mafakar ce ta fi ba ni wuya. Dokar hana cin zarafi a gida ta 2021 ta sa wadda ta rasa gida saboda cin zarafi cikin waɗanda dole a sama wa wuri, amma gidan gwamnati layi ne mai tsawo. Na koma neman haya, abin da ake biya bai kama ƙafar abin da masu gida ke nema ba. Ga kuma iyakar da aka sa wa jimillar tallafin iyali, fam 25,323 a shekara a Landan, 22,020 a wajenta tun 2023. Kina mafaka ba a lissafa hayarki a ciki, kina fita ta hau kanki, ni da ƙaramin yaro ba halin aiki.

Autana a 2018 aka haife shi, na uku, don haka ba a ba shi komai saboda dokar 'ya'ya biyu ta 2017, wadda ta taƙaita tallafin yara ga biyu na farko. Aka ce akwai togiya in an tilasta mini ne aka samu cikin, in je in faɗa wa ma'aikaciya ta sa hannu, in rubuta sunan yaron a takardar. Na riƙe ta kwana da kwanaki, na yayyaga. A kasafin Nuwamban 2025 aka sanar za a soke dokar daga Afrilun 2026. Shekarun da muka yi babu kuwa ba mai biyanmu.

Maman Ilham
Na karanta mata duka ta waya. Tana tambaya, babban ɗanta shekararsa 13, za a karɓe su tare? Kuma ba ta da kuɗin mota in wurin da nisa.

Anti mai aikin mafaka
Ta faɗi shekarunsa tun a kiran farko, don wasu gidajen ba sa ɗaukar namiji da ya kai haka, wasu kuma suna da ɓangare mai ƙofarsa daban. Tikitin jirgin ƙasa kyauta ne ta tsarin Rail to Refuge, mafakar da ta ba ta wuri ita za ta yanka mata. Ta ɗauko fasfo da takardun haihuwar yaran in ba hatsari. Ki tambaye ta kuma da sunan wa ake karɓar Child Benefit, kuɗin tallafin yara, in nasa ne sai mu fara neman juyawa a makon farko, yana ɗaukar lokaci.