Daka da Jan Ruwa Suna Sauƙaƙa Haihuwa? Muhawara a Zauren Matan Adar Mazauna Yamai

Maman Nura: Salamu alaikum. Ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Cikina wata bakwai. Tunda uwar mijina ta zo daga Tawa ta hana a kai hatsi inji, ta ce ni zan daka, ni zan ɗauko bido daga pampo, wai mai cikin da ba ta daka tana shan wuyar naƙuda. Ni kuwa yanzu ko atishawa na yi sai fitsari ya ɗigo, in na ɗaga bidon nan mai lita 25 sai ƙasan marata ya yi nauyi har dare. A wurin awo an ce in daina ɗaukar kaya mai nauyi. Na gaya wa Inna, ta ce ragwanci ne. Ni dai na ce daka ba ya sauƙaƙa haihuwa, ƙauyanci ne kawai. Mai hujja ta kawo.

Hajiya Rabi: Ƙauyanci? Ɗiyata, uwar da ta haifa miki miji ce baƙauya? Cikin wannan ƙauyancin anka haife mu, anka haifi uwarki.

Maman Nura: Hajiya, ban ce Inna baƙauya ba ce. Al'adar nake nufi.

Hajiya Rabi: Al'ada da mai ita duk ɗaya ne. Kakata a Bouza ta haifi goma sha ɗaya, ranar da ta haifi autanta daga bakin turmi ta shiga ɗaki.

Sa'a: Gaskiya kalmar ta yi zafi. Mazanmu suna bida a Abijan da Libiya, wa ke jan ruwa a rijiyoyin Keita da Illela in ba masu ciki da masu goyo ba? Wahalar da suke sha ce za a kira ƙauyanci daga cikin ɗaki mai fanka?

Fati ƴar jami'a: Tanti Sa'a, ai kin faɗa da bakinki, wahala ce. Dole ce ta sa su, ba magani ba ne. Kuma a goma sha ɗayan nan nawa suka rayu? Wa ya tambayi tsohuwar ko tana iya riƙe fitsari?

Hajiya Rabi: Ke yarinya, kakata ba abin wasanki ba ce. Ki fara yin aure tukuna.

Zeinabu ungozoma: Don Allah a saurara, akwai mai ciki da ke neman shawara. A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar nama da ke tallafe da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Ciki na girma, nauyi na ƙaruwa a kanta, jiki kuma yana sassauta jijiyoyi don shirin haihuwa. Shi ya sa tari ko dariya ko ɗaga kaya ke sa ɗigo. Motsa jiki yana da amfani, Inna ba ta yi kuskure a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mai cikin da ba ta da matsala ta samu minti 150 na motsi matsakaici a mako, tafiya da shara da aikin gida duk suna ciki. Amma sunkuyawa a fizgo bido cike da ruwa ana riƙe numfashi, wannan danna naman yake yi ƙasa. Ƙanwata, ki matse gabanki da bayanki kamar mai hana iska da fitsari fita, ki ja sama, ki ƙirga biyar, ki saki gaba ɗaya, sau goma, safe da rana da dare. Kar ki matse ciki ko cinya, kar ki ɗauke numfashi, kuma ba lokacin da kike fitsari ake yi ba. In atishawa ta taho, ki riga ta matsewa. Ki sha ruwa, ki ci zogale da wake, saboda ƙwayar ƙarin jini tana iya busar da ciki, yunƙuri a ban-ɗaki kuma shi ma yana gajiyar da naman.

Maman Ibro: Innalillahi, to wannan ba yoyon fitsari ba ne ya fara mata? A kai ta cibiyar masu yoyo tun da wuri.

Zeinabu ungozoma: A'a Yaya, kar a tsorata ta. Yoyo yana zuwa ne bayan doguwar naƙuda, kan jariri ya maƙale har nama ya mutu ya huje, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Nata ɗigon nauyi ne. Sai dai in ruwa yana ta zubowa ba tari ba atishawa, ko ta ga jini, ko fitsari yana mata zafi, ta je likita a ranar, kar ta jira ranar awo.

Fati ƴar jami'a: Wannan matsewar sunanta Kegel, wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana ta a 1948.

Hajiya Rabi: To ga ta nan. Namijin Amurka da bai taɓa naƙuda ba shi ne wayayye, uwayenmu da sunka haihu a kan gwiwa su ne ƙauyawa.

Sa'a: Kuma su masu wayewar, ni a wata likita da ba zan faɗi sunanta ba ina naƙuda aka daka mini tsawa, aka ce lokacin da nake jin daɗi ban kira kowa ba. Wannan shi ne birnanci?

Zeinabu ungozoma: Wadda ta yi miki haka ta zalunce ki. Amma kar a yi mana kuɗin goro.

Maman Ibro: Sa'a, ke da kike kare ƙauye, ba ke ce kika ɗauko yarinya daga Madaoua tana miki daka ba? Yaushe rabonki da taɓarya?

Sa'a: Ɗiyar yayata ce, lakwal na sa ta. Ke ki fara biyan zubin adashen da ake binki wata biyu kafin ki shiga gidana.

Maman Ibro: Jaka goman ce za ki tona mini a gaban mutane? Ki zo ki amsa yau.

Maman Nura: Ni fa tambayata ita ce ko daka yana sauƙaƙa haihuwa. Har yanzu babu wadda ta kawo hujja in ban da kaka ɗaya.

Hajiya Rabi: Ki janye kalmar sannan a yi maganar hujja.

Fati ƴar jami'a: Kuma ba wanda ya tambayi ina mijin yake. Shi ba ya iya ɗaukar bido?

Hajiya Rabi: Namiji da bido, uwarsa na zaune tana kallo? Allah Ya kyauta.

Tanti Halima, mai kula da zaure: Ya isa haka. Na karanta duka, ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda kalmar ƙauyanci ba ta dace ba, Maman Nura za ta ba Hajiya da sauran manya haƙuri. Ita kanta ungozoma ta tabbatar da cewa Inna tana da gaskiya, mai ciki ba ta kwanciya, aiki lafiya ne, abin da uwayenmu suka sani tun kafin a gina likita a Tawa. Maganar bido kuwa ta cikin gida ce, ɗiyata ki lallaɓa uwar mijinki ta bari ki riƙa ɗauko rabi-rabi, ki yi matsewar da aka koya miki tunda ba ta hana ki daka. Fati, ki koyi yi wa manya magana. Sa'a da Maman Ibro ku same ni gida bayan la'asar da littafin adashe. Wadda ta ƙara rubutu a kan wannan zan fitar da ita har Juma'a.