Neman kalma: me za a ce wa "deradicalisation" da Hausa? Shirin gobe ne da la'asar

Mai Gabatarwa:
Assalamu alaikum malamai. Gobe bayan la'asar ina da shiri a rediyo kan sansanin Malam Sidi da ke jihar Gombe, inda sojoji ke ajiye waɗanda suka fito daga Boko Haram na wasu watanni kafin a miƙa su ga jihohinsu, ƙarƙashin shirin da aka fara a 2016. Takardar da aka ba ni ta jero kalmomi uku: deradicalisation, rehabilitation, reintegration. Ta ukun na sa "mayar da su cikin jama'a", ta biyun "gyaran hali". Ta farkon ce ta tsaya mini a wuya. Za ta fito a bakina fiye da sau goma, kuma ina son abin da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane. A taimaka kafin dare.

Ɗan Fagge:
Sauya tunani. Haka ake faɗa a labarai, kunne ya riga ya saba.

Malamar Hausa:
Daga wane tunani zuwa wane? Wanda ya ja yaron zuwa daji shi ma tunaninsa ya sauya masa. Tunda mun daɗe muna cewa "tsattsauran ra'ayi", ka ce "raba su da tsattsauran ra'ayi". Sannan ka sake duba "gyaran hali". Tun 2019 da aka sauya wa hukumar gidajen yari suna, duk wanda ya ji "gidan gyaran hali" kurkuku ke faɗo masa. Mai sauraro zai ɗauka alƙali ne ya ɗaure su.

Ɗan Fagge:
Ko wankin ƙwaƙwalwa.

Malamar Hausa:
A'a, wannan aro ne, kuma abin zargi ake nufi da shi.

Tsohon Hedimasta:
Yara, me ya kai ku jera kalmomi biyar inda ɗaya za ta wadatar? Abin da ya yi tsauri sassauta shi ake yi. Ku ce SASSAUTARWA. Mai aikin, mai sassautarwa. Wanda aka yi wa, sassautacce, jam'i sassautattu. Tushen namu ne, ƙirar tamu ce, ba a ranto ko harafi ba. Shekara talatin da biyu na koyar, ban ga abin da Bature ya faɗa da kalma ɗaya Bahaushe ya kasa ba.

Ɗan Fagge:
Ranka ya daɗe, ƙirar ta yi, amma ka saurare ta da kunnen ɗan gudun hijira. "An yi wa 'yan Boko Haram sassautarwa." Abin da zai ji shi ne an yi musu sassauci, an rage musu hukunci. Ƙorafin da mutane ke yi kan shirin ke nan tun farko.

Ɗan Diffa:
Mu nan Nijar ba mu sha wannan wahala ba. A watan Disamba na 2016, lokacin Bazoum yana ministan cikin gida, aka yi shelar duk wanda ya aje makami za a karɓe shi, aka buɗe masu sansani a Gudumariya. Da Faransanci "repentis" ake ce masu, mu kuma muka ce tubabbu. Ka ce "shirin karɓar tubabbu" ka huta.

'Yar Bama:
Yayana na Diffa, don Allah kada a ba shi wannan. Ni an kashe mini wa a 2014, kuma har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba. Duk ranar da na ji "tubabbu" a rediyo sai na kashe. Tuba tana da sharuɗɗa, kowa ya karanta a islamiyya: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Wa ya zo ya nemi tamu? Wa ya leƙa zuciyar mutum ya ga nadama? Abin da ido ya gani shi ne ya fito ya miƙa wuya, to a faɗi hakan.

Akwai kuma ɗaya gefen. Bayan mutuwar Shekau a 2021 dubban mutane suka fito daga daji, da yawansu mata ne da yara da manoman da aka tsare a ƙauyukansu da bakin bindiga. In ka haɗa su duka ka ce tubabbu, ka wanke wanda ya yi kisa, ka kuma shafa wa wanda aka zalunta laifi. Matar da aka sace, tuba za ta yi daga me?

Mai Gabatarwa:
Allah Ya jiƙansa, Hajiya, Ya ba ku haƙuri. Na goge "tubabbu" daga rubutuna.

Almajirin Zaure:
Amin. Ni "ra'ayi" ne bai kwanta mini ba. Ra'ayi na siyasa ne da ƙwallo, yau kana nan gobe kana can. Abin da ya sa yaro ya halatta jinin maƙwabcinsa aƙida ce, ta kafirta Musulmi. Malaman da ke zama da su ma shubuhohi suke warware musu. A ce "sauya aƙida".

Malamar Hausa:
Malam, ka san ƙasarmu. Ka ce a rediyo gwamnati na "sauya wa mutane aƙida", kafin magariba an fara tambaya ko Izala ake mayar da su ko Ɗariƙa. Sai dai a ɗaure ta: "aƙidar ta'addanci".

Tsohon Hedimasta:
Kun ga abin da nake faɗa, kuna ta ƙara wa jimla jela. Sakacinmu ne ya sa kowa ke yi wa harshen nan yadda ya so. Ku dubi sunayen da ake sa wa ayyukan soja. Lafiya Dole, Haɗin Kai, Hadarin Daji, waɗannan daidai ne. Amma "Sharan Daji"? "Fansan Yamma"? Shara mace ce, fansa mace ce. Sharar Daji, Fansar Yamma. An buga a takarda, an faɗa a talabijin, babu wanda ya ce uffan.

Bazazzagi:
Baba, da girmanka, a Zariya da Bauchi haka mutane da yawa ke magana, kuma ba jiya suka fara ba. Ba kuskure ba ne, kari ne. Kanawa kun mayar da bakinku ma'auni.

Tsohon Hedimasta:
Ni ba Bakano ba ne, ɗana. Karin gida daban, daidaitacciyar Hausa daban. Abin da za a rubuta a takardar hukuma da daidaitacciya ake rubuta shi.

Basakkwace:
In asali ake bi, mu "sharad daji" muka cewa, kuma tamu ta hi tsuhwa.

Ɗan Diffa:
Ku dai yi ta jayayya. Mu tun 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ku da kuka fi mu yawa har yanzu takardar Turanci ake miƙo muku ku fassara cikin dare.

Bazazzagi:
Rubutawa a kundi daban, aiki da shi a ofis daban. Da wane harshe ake rubuta muku takardar kotu?

Mai Gabatarwa:
Malamai, don girman Allah, ƙarfe goma ta wuce. Ga abin da na tsayar. A farkon shiri zan faɗe ta cikakkiya: "shirin raba su da aƙidar ta'addanci". Bayan nan in taƙaita da "sauya tunani", tunda mai sauraro ya riga ya san daga me. Mutanen kuma "waɗanda suka miƙa wuya". In jami'i ya ce tubabbu da bakinsa, muryarsa ce, ba zan yanke ba, amma ni ba zan maimaita ba.

'Yar Bama:
Na gode, ƙanena. Ka kuma bambanta masu ɗaukar makami da waɗanda aka tsare.

Malamar Hausa:
Ya yi, ko da yake "sauya tunani" har yanzu ba ta gamsar da ni ba. Kalma ta biyun fa, rehabilitation?

Mai Gabatarwa:
Ban samu ba. Zan faɗi abin da ake yi kawai: koyar da sana'a, karatu, wa'azi, da ganin likitocin ƙwaƙwalwa.

Tsohon Hedimasta:
Bayani ke nan, ba kalma ba. Yi shirinka, Allah Ya ba da sa'a. Ni dai a rubutuna sassautarwa zan ci gaba da sawa, kuma ranar Asabar zan buɗe zance na musamman kan "Fansar Yamma". Bazazzagi, ka zo da hujjarka.