Ko na'urar leƙen ƙasa za ta nuna mana iyakar tsohuwar maƙabarta?

Jikan Marina: Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim. A bayan gari akwai tsohuwar maƙabarta da aka daina binnewa tun ina yaro, nan kakana yake kwance. Ambaliyar 2022 ta baje tudun kaburburan, dattijon da ya san iyaka kuma Allah ya yi masa rasuwa bara. Yanzu wasu na cewa daga tsamiya ta faro, wasu na cewa daga kuka, garmar masu gona kuwa kowace damina sai ta ƙara matsowa. Abin yana hana ni barci. Na ji akwai na'urar rada mai gano kabari ba tare da an tona ba. Gaskiya ne?

Ɗalibin Ilimin Ƙasa: Wa alaikumus salam, yayana. Gaskiya ne, amma ba ƙashi take gani ba. Kamar kura ake tura ta, tana aika igiyar rediyo cikin ƙasa, abin da ya dawo ya fito a allo. Ƙasar da aka taɓa haƙawa aka mayar ba ta komawa yadda take, wannan bambancin take kamawa. Da eriya mai megahaz 400 ana samun zurfin mita biyu a rairayi, ya ishi kabari. Laka ce matsalarta, musamman in ta jiƙe, shanye igiyar take yi. In wurin jigawa ne kun dace, in fadama ce sai a hankali. Ku bari sai rani, a share ciyawa, a ja layuka rabin mita tsakani. Ku tuntuɓi sashen nazarin kayan tarihi na ABU Zariya.

Baba Mai Haƙa: Ɗana, shekarata talatin ina haƙar kabari. Ka gaya wa masu na'urar cewa namu uwa da 'ya ne, ba akwati. Itace ko fasassun tukwane muke jerawa a kan 'yar, sannan a liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Itacen gara ta cinye shi tuni, tukunya kuwa tana nan. Tsawon kabari kudu da arewa yake, don mamaci ya fuskanci alƙibla.

Ɗalibin Ilimin Ƙasa: Madalla, Baba! To daga gabas zuwa yamma za a riƙa tura ta, ta gicciya kowane kabari. Sai dai saiwar tsamiyar nan da ramin gafiya ma suna fitowa. A garin Kamlus na ƙasar Kanada, a 2021, an fara sanar da cewa irin wannan na'ura ta gano kaburbura 215, daga baya aka ce alamu 200 ne da ake kyautata zaton kaburbura ne. Iyaka za ta nuna muku, ba za ta ce ga na Kaka ba.

Jikan Marina: Iyakar ma ta ishe ni. Wurin rairayi ne. Bayan Juma'a zan sami Mai Unguwa da Liman, mu kafa turaku daga kukar kafin rani.