Masta ta ƙwarewar aiki ko ta bincike: wacce zan ɗauka?

Hadiza, Birni:
Assalamu alaikum. Na kammala lisans a fannin labarin ƙasa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma ina da niyyar ci gaba, amma na rasa wadda zan zaɓa tsakanin masta ta ƙwarewar aiki, wadda darussa da istaj (horon aiki a ma'aikata) suka fi yawa a cikinta, da masta ta bincike. Abin da ya fi jan hankalina shi ne matsalar ruwan sha a Damagaram. Ina neman shawarar malamai da yayye.

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam, 'yata. A tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, dukkansu shekara 2 ne, zango 4, kiredi 120, saboda haka ba tsawon karatu ne ya raba su ba. Inda suke rabuwa shi ne shekara ta biyu. Mai masta ta bincike yakan koma shi kaɗai da tambayarsa: idan batun ruwa ne, sai ki je Gogo ko Arunguza, inda ake jawo wa Damagaram ruwa, ki auna rijiyoyi, ki zauna da matan da ke jiran layi a bakin famfo, ki dawo ki rubuta memuwar, wato kundin bincike, da za ki kare gaban malamai masu alƙalanci. Wannan ce hanyar dokta da koyarwa a jami'a, inda CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, ke duba rubuce-rubucen malami kafin a ƙara masa matsayi. Sai dai kada ki yi rajista sai kin sami malamin da zai jagorance ki, mai lokacin karanta abin da kika rubuta, domin rashinsa ne ke tsayar da ɗalibai da yawa, ba ƙarancin basira ba.

Abdurrahaman, Sabon Gari:
Malam ya yi gaskiya, amma akwai batun aljihu. Binciken fili yana cin kuɗin mota da na bugun takardu, alhali istaj a ma'aikatar ruwa ko wata ƙungiyar raya karkara yakan sa masu ɗaukar aiki su san fuskarki. Ni ta ƙwarewa na yi, ƙanwata, kuma inda na yi istaj ne suka riƙe ni.

Hadiza:
Na gode ƙwarai. Malam, wanda ya yi ta ƙwarewa zai iya komawa dokta daga baya?

Malam Isuhu:
Ƙofar ba a rufe take ba, amma makarantun dokta sun fi karɓar mai masta ta bincike, kuma wasu sukan nemi a ƙara darussan dabarun bincike tukuna. Ki je sashenku ki karanta sharuɗɗansu kafin a buɗe rajista.